Alhaji Umaru Na Kete-Krachi, Ɗan Fatake Da Ya Rubuta Littafin Koyon Wasiƙa

Abin da ya jawo muka zaɓi mutumin da za mu yi magana a kansa yau, wata 'yar gardama ce da aka yi a gabanmu a nan Gurugu, cikin Tamale, tsakanin wani ɗan kasuwa mai kai hatsi Bawku da ɗansa wanda ke koyon rubuta manhajar kwamfuta. Yaron ya nemi a saya masa wani littafi mai kauri kamar bulo, uban ya daure ya saya, sai bayan watanni ya lura ko rubu'insa yaron bai karanta ba, iyaka dai ya buɗe tsakiya, ya duba shafi guda, ya rufe, ya ci gaba da danne-dannensa. A ganin uban, an yi asarar kuɗi ke nan. Mu kuwa da muka saurari kowane ɓangare sai muka ga yaron ne ke da gaskiya, domin akwai littafin da ake saukewa, akwai kuma wanda ake ajiyewa kusa da hannu a riƙa komawa gare shi duk sa'ad da buƙata ta taso. Irin wannan na biyun kuwa fatake sun daɗe da saninsa. Tun a shekarar 1877 wani ɗan fatake Bakano, wanda ya ƙare rayuwarsa a wannan ƙasa ta Gana, ya rubuta irinsa a kan yadda ake tsara wasiƙa.

Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. Wasu na kiran sa Alhaji Umaru Salaga, wasu Alhaji Umaru na Kete-Krachi, a littattafan Turawa kuma an fi rubuta shi Imam Imoru. An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa idan ya sa hannu a rubutunsa yakan jingina kansa ga Kabi da Kano. A Kano ya yi karatun allo, daga nan ya shiga neman ilimi, har ya kai ƙasar Sakkwato da Gwandu wajen malamai. Mahaifinsa kuwa bafatake ne mai bin hanyar Gwanja, saboda haka yaron ya tashi ƙafa ɗaya a zauren malamai, ɗaya a cikin ayari.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan hanya ta Gwanja, don sai an san ta za a gane dalilin littafin. Daga Kano zuwa Salaga ya haura kilomita 1,000, kuma a ƙafa ake yin sa, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Ayari kan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Zugu, ya faɗo ƙasar Dagwamba ta Yendi, sannan ya sauka Salaga, wadda take kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da inda muke zaune a Tamale. Ana tafiya da kanwa, da turkuɗi da sauran saƙar Kano, da fatu, da dabbobi, har da bayi, abin da ba za mu ɓoye ba don ya faru. A komo da goron da ake samowa daga kurmin Tonawa, wato Asante. Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa su ne suka shahara da wannan fatauci. Madugu ne ke jan ayari, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin wucewa, idan an sauka zango kuma kowa ya nemi maigidansa, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ana maganar bashi. Zuwa da komowa kan cinye watanni da yawa, shi kuwa goro ba ya jiran kowa, in aka yi sakaci da shi a hanya sai ya bushe ko tsutsa ta shige shi.

To a irin wannan nisa, me ke riƙe da amana tsakanin mai dukiya a Kano da yaronsa a Salaga? Ɗan aike yana iya mantuwa, yana iya ƙari, yana iya mutuwa a hanya. Abin da ya rage shi ne takarda. Da ita madugu ke neman izinin wucewa wurin sarkin da bai taɓa gani ba, da ita ake shaidar cewa wane ya karɓi kaya kaza zai biya a lokaci kaza, da ita ake sanar da iyali rasuwar wanda ya mutu a zango da abin da ya bari. Takardar kanta tsada gare ta, don daga Turai ake kawo ta, ta ratso hamada a bayan raƙuma, saboda haka ba a ɓata ta da gwaji. Kuma idan wasiƙa ta tafi ta tafi ke nan, babu damar a bi ta da gyara sai bayan watanni. Malamin da ya rubuta wa sarki da lafazin da ake rubuta wa tsara, ya jawo wa ayari duka wulaƙanci a ƙofar fada. Wanda ya rubuta maganar bashi a dunƙule, bai fayyace wa ke bin wa ba, ya haɗa rigimar da sai an je gaban alƙali.

Wannan matsala ce Umaru ya gani da idonsa yana saurayi, ya zauna ya rubuta mata magani. A shekarar 1877, yana ɗan kimanin shekara ashirin, ya kammala littafinsa na Larabci mai suna Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wato itace mai yawan ganye a kan ilimin rubuta wasiƙa. Mai karatu zai lura cewa kalmarmu ta wasiƙa daga wannan kalma ta Larabci ta fito, kuma asalin ma'anarta takardar da ake dogara da ita. Littafi ne na ƙa'idoji da samfurin wasiƙu, wanda marubuci zai buɗe ya ga yadda ake tsarawa, ya ɗauki wanda ya dace da buƙatarsa, ya sauya suna da bayani. Shi wannan fanni tsari gare shi sananne: a fara da sunan Allah, a faɗi daga wa zuwa ga wa, a yi gaisuwa gwargwadon matsayin wanda ake rubuta wa, sannan a sa kalmar da ke raba gaisuwa da ainihin magana, a faɗi buƙata, a rufe da sallama. Amfanin wannan tsari shi ne, wanda ya karɓi takarda a Yendi ko Nikki, ko bai san marubucin ba, ya san inda zai kai idonsa ya ga sunan mai aikowa, ya san inda buƙata take, kuma daga tsarin kaɗai yana iya gane ko takardar ta fito daga hannun wanda ya san abin da yake yi.

A cikin rubuce-rubucen Alhaji Umaru, wannan littafi ba shi ne ake yawan ambata ba, waƙoƙinsa sun fi shi suna nesa ba kusa ba. Amma mu a namu ganin, da wuya a sami wanda ya kai shi shiga hannun mutane don biyan buƙata ta yau da gobe. An yi ta kwafarsa da hannu a zangogi, daga baya har aka buga shi a Alƙahira. Abin sha'awa kuma, a wannan shekara ta 1877 aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, wanda shi ma da fataucin goron Gwanja ya fara kafa dukiyarsa.

A nan ne za mu koma kan yaron nan na Gurugu da littafinsa mai kauri, don aikinsa bai yi nisa da na marubucin madugu ba. Wayar da ke aljihun kowane ɗan kasuwa a Paga ko Sinkasi ko Tatale tana da wata babbar manhaja a cikinta, wadda za mu iya kira uwar manhaja, ita ke riƙe da ma'ajiyar waya da allonta da hanyar sadarwarta. Ƙananan manhajoji, kamar wadda ake tura kuɗi da ita ko wadda ake aika saƙo, ba su da ikon taɓa waɗannan abubuwa da kansu, sai sun miƙa buƙata ga uwar, kamar yadda baƙon bafatake ba ya shiga kasuwa sai ta hannun maigidansa. Kowace buƙata kuma da sunanta, da jerin abubuwan da za a ambata a cikinta ɗaya bayan ɗaya, da irin amsar da za ta dawo, da lambar da ke nuna dalili idan an ƙi biyan ta. Buɗe fayil da nasa tsari, karanta shi da nasa, rufe shi da nasa. Irin waɗannan buƙatu sun kai ɗaruruwa, babu mai haddace su duka, kuma wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa ya sauya jeri ko ya manta duba amsar da ta dawo, manhajarsa na iya nuna an ajiye lissafi alhali ba a ajiye ba. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi idan lissafin kuɗinsa ne.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka ɗauki littafin dubawa da muhimmanci tun farko. A watan Nuwamba na 1971, Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakin binciken Bell a Amurka suka fitar da littafin jagora na uwar manhajar da suka ƙirƙira mai suna Unix, inda kowane shafi ke bin tsari ɗaya: sunan abu, yadda ake kiran sa, bayaninsa, har da wani gurbi da suka ware don faɗin aibin da suka san yana da shi. Wannan gurbi na faɗin aibi ya burge mu, don ba kowane mai kaya ke nuna wa mai saye inda kayansa suka yage ba. A 1992 kuma Richard Stevens, wanda aka haifa a Luanshya ta ƙasar Zambiya a 1951 ya rasu a 1999, ya fitar da babban littafinsa a kan wannan fanni cike da misalan da mutum zai gwada da kansa, aka sake sabunta shi a 2005 da 2013 bayan rasuwarsa. Manhajar Android da ke cikin yawancin wayoyinmu a kan Linux aka gina ta, ita kuwa Linux tsarin Unix ta bi. Saboda haka yaron da ke buɗe shafi guda ya rufe, abin da marubucin madugu ke yi da littafin Malam Umaru shi yake yi.

Mu koma kan mai tarihin. Salagar da Umaru ya sani tun yana bin mahaifinsa ta fara ja da baya tun 1874, shekarar da Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Tonawa a kan arewa ya yi rauni, goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo da Kete-Krachi. Duk da haka a Salaga ya zaɓi ya tare, wajen 1892, yana karantarwa. Sai dai bai yi dacen lokaci ba. A wannan shekara yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, masu mulkin Salaga, inda Kabachewura Isifa ya samu taimakon Dagwamba da Nanumba ya kori Kpembewura Napo. Aka washe gari, baƙi 'yan kasuwa suka watse, kasuwar da ake zuwa daga Kano da Barno da Timbuktu ta zama kufai. Wannan abu ya tsaya wa Umaru a rai ƙwarai, har daga baya ya tsara doguwar waƙa ta Larabci a kansa, wadda masu tarihi ke dogara da ita har yau wajen sanin abin da ya faru. A zamansa na Salaga ne kuma ya san wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, mai tattara rubuce-rubucen Hausa.

Wajen 1896 ya bi sauran jama'a zuwa Kete-Krachi a bakin kogin Volta, inda Jamusawa suka riga suka kafa bariki tun 1894. A nan ya zauna, ya zama limamin garin, ya buɗe makaranta, ɗalibai suka riƙa zuwa daga zangogi na nesa da na kusa. Da yawa daga malaman zangogin Gana na ƙarnin da ya wuce, idan aka bi salsalar karatunsu, sai a tarar ta biyo ta zaurensa.

A Kete-Krachi ne ya haɗu da Adam Mischlich, wani Bajamushe da ya fara zuwa a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulki. Mischlich ya zauna gaban Malam Umaru yana koyon Hausa da tarihin Hausawa, ya kuma roƙe shi ya rubuta masa abin da ya sani. Malam ya ɗauki alƙalami ya rubuta da ajami, shafi bayan shafi: tarihin Kabi da Sakkwato da sauran ƙasashe, yadda ake noma, yadda ake saƙa da rini da jima da ƙira, yadda kasuwa ke ci, yadda ake fatauci, yadda ake aure, yadda bauta take. Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Balin a 1906, ya kuma buga wani littafi a 1942 da ya ƙunshi rubutun Malam. A 1973 wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya sami digirin dakta da fassara wannan rubutu zuwa Turanci, a shekarar 2000 kuma Stanislaw Pilaszewicz na ƙasar Folan ya buga wani kashi nasa. Ashe ke nan wanda ya fara da rubuta wa marubutan fatake littafin dubawa, shi kansa ya zama abin dubawa ga duk mai son sanin yadda kasuwar Hausa take kafin zuwan Turawa. Abin da ke ba mu takaici kawai shi ne, a bangon yawancin waɗannan littattafai sunan wani ne ke sama, kuma samun su a kantin littattafai na Tamale ko Kano sai an sha wuya.

Akwai masu ganin laifinsa a kan wannan kusanci da Jamusawa. Mu dai ba mu ga alamar cewa kusancin ya rufe masa baki ba. A daidai waɗannan shekaru ne ya tsara waƙoƙinsa a kan zuwan Nasara, biyu da Larabci wajen 1899 da 1900, ɗaya da Hausa a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi. A cikinsu ya bi garuruwan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda baƙin suka shigo da sunan ciniki da lalama, suka ƙare da mulki. Ko a nan ma halinsa na mai ajiye lissafi bai ɓuya ba, don jerin sunayen garuruwa da sarakunan da ke cikin waƙoƙin ya mai da su wata taska ga masu bincike. Mutum ne da ya ga an raba ƙasar da ya saba ratsawa da ƙafa, domin a 1899 Ingila da Jamus suka yanka yankin, Salaga ta faɗa ɓangaren Ingilishi, Yendi ta faɗa na Jamus. 'Yan kasuwar kan iyaka na yau, masu cika takarda a kowace ƙofa, sun gaji abin da aka fara a gaban idonsa.

Ya kuma yi waƙar Talauci da Wadata da Hausa, inda ya zana yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi, suke girmama mai shi ko da ba shi da hali, waƙar da duk wanda ya taɓa karyewa a kasuwa zai ji kamar da shi ake. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa don sauƙaƙa wa ɗalibai, wanda shi ma wani nau'i ne na taimakon mai nema.

A 1913 ya tafi aikin hajji. Kafin ya komo duniya ta juya, an yi yaƙin duniya na farko, Ingilishi sun karɓe Kete-Krachi daga hannun Jamusawa tun 1914. Sai ga annobar mura ta 1918 da ta kashe mutane bila adadin a wannan yanki, ita ma bai bar ta ta wuce ba sai da ya tsara mata waƙa, ya bayyana alamominta da yadda take kama mutum. Ya ci gaba da karantarwa da limanci har Allah ya karɓi ransa a Kete-Krachi a shekarar 1934. Allah ya jiƙansa da rahama.

Tsohon garin da ya zauna a ciki yanzu yana ƙarƙashin ruwa, domin da aka gina madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, tafkin Volta ya cinye shi, aka tayar da mutane zuwa sabon wuri. A cikin waɗannan shekaru na 1960 ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tura mutane, ciki har da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo, suka bi gidajen malamai a zangogi suna aron tsofaffin takardu suna ɗaukar hotonsu, suna mayar wa masu su. A cikin abin da suka tattara akwai rubuce-rubucen Alhaji Umaru masu yawa, kuma suna ajiye a can Legon ga mai son ya je ya duba.